Ranar da Gwaggo Ta Shanya Kyamarar Baba

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen watan Satumba, cikin shekarun casa'in, ban daɗe da shiga aji huɗu na firamare ba. An kwana biyu ana ruwa a Minna ba ƙaƙƙautawa, har bangon ɗakunanmu na Kpakungu ya fara tsattsafo, takalman fata suka yi fari-fari a ƙarƙashin gado. Ran nan sai gari ya waye garau, rana ta fito da ƙarfinta. Na dawo daga famfon bakin titi da bokiti a ka, ina shiga na tarar tsakar gidanmu ta koma kasuwa. Katifu a jingine da bango, barguna a kan igiya, littattafanmu na makaranta a buɗe an danne su da duwatsu, manyan rigunan Baba an baza su a kan tabarmi. A gefen wata tabarma, kusa da hularsa ta zuwa Juma'a, na hango abu yana ƙyalli. Kyamarar Baba ce, an zare ta daga jakarta ta fata an kwantar da ita tana shan rana. Ban san lokacin da na sauke bokitin ba, rabin ruwan ya bi ta wuyana. Na durƙusa na duba 'yar tagar da ke samanta, wadda ke nuna yawan hotunan da aka ɗauka. Shekara biyu lambar nan tana tsaye a kan ashirin da ɗaya, ranar kuwa ta koma farko. Na san ma'anar haka, domin Baba ya sha faɗa mana cewa lambar ba ta komawa sai an buɗe ƙofar baya. A bayan ƙofar nan kuwa fim yake, a jikin fim ɗin akwai fuskar mahaifiyata, kuma ba mu da hotonta a ko'ina sai can.

Kyamarar ta girme ni, ta kusa girmar Baba ma a wajen iyayi da son a lallaɓa ta. Kakana ne ya saya, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, shi ne ma dalilin zaman zuriyarmu a Minna. An ce a wata tafiya da ya yi Ikko bayan samun 'yancin kai ya gan ta a wani kanti, ya dawo da ita maimakon rediyon da kakata ta roƙa, aka yi kwanaki ba a ga maciji tsakaninsu. Ƙarfe ce zalla, sama da ƙasa fari kamar azurfa, tsakiya an lulluɓe da baƙar fata mai ƙurji-ƙurji. A ƙarƙashinta an rubuta cewa a Japan aka ƙera ta. Idan aka rataya maka ita sai ka ji wuyanka ya san da nauyi. Ba ta cin batir. A kewayen babban idonta akwai wani zoben gilashi mai gida-gida kamar saƙar zuma, shi ke auna hasken rana ya motsa wata siririyar allura a sama. Ƙararta kuma ba ta fi ta tsinken ashana in an karya shi ba, sau da yawa Baba ya gama ɗauka mutane suna nan a sandare suna riƙe da murmushi.

Baba kafinta ne, shagonsa a Sauka Kahuta, mutum ne da ba ya son garaje a aiki. Shi ya sa jininsa ya haɗu da kyamarar nan, don ita ma ba a yi mata gaggawa. Ba ta babban idon ake leƙawa ba, akwai wata ƙaramar taga daban a kusurwa. In ka kafa ido sai ka ga komai sarai, amma a tsakiya akwai ɗan tabo ruwan ɗorawa, a cikinsa duk abin da ka saita sai ya rabu biyu. Hancin mutum biyu, idanunsa huɗu. Sai ka dinga murɗa zoben gaba a hankali, siffofin biyu suna matsowa, har su haɗe su zama ɗaya. Abin da ka haɗa shi ne zai fito tas a hoto, na gabansa da na bayansa su yi dishi-dishi. Ni da ƙanena Sani mun mayar da abin wasa, duk ranar da Baba ya yi sa'ar barinmu mu leƙa sai mu saita bunsurun maƙwabta mu yi ta dariyar ƙahoninsa huɗu. Baba yana tsaye, maratayin yana wuyansa, yana cewa, "Ku leƙa da ido, ban da hannu." Doka ɗaya ce ba ya yi mana wasa da ita: ɗan kan da ke gefen hagu, wanda in an ja shi sama ƙofar baya ke buɗewa, ba a taɓa shi sai fim ya ƙare an nannaɗe shi. Ya ce haske ne ke rubuta hoto, shi ne kuma ke goge shi in ya shiga da yawa.

Fim ɗaya yakan yi mana shekara, wani lokaci fiye. Ba kamar yanzu ba ne, Baba ba ya ɗaukar hoto sai da dalili: Sallah, suna, ranar karɓar sakamako in an yi abin kirki. Kuma ba a cire fim da sauransa, wannan ɓarna ce da ba za ta ko zo masa a rai ba. Mama kuwa ba ta son hoto ko kaɗan. Da ta ga ya rataya kyamara sai ta ja mayafi ta shige kicin, tana cewa a ɗauki yara, ita me za a kalla a jikinta. Ko na aurensu babu, iyayenta ba su yarda da shi ba a lokacin. Sau ɗaya tak ta yarda, wata Juma'a da ta yi sabon kitso, Baba ya yi ta tsokanarta har ta gaji ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne a gindin gwaiba, ta ce ya yi maza tuwonta zai kama. Ina tsaye a wurin na ji 'yar ƙarar nan. Shi ne hoto na ashirin da ɗaya. Ba a yi wata biyu ba zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti, daga can ba ta dawo ba. Ina aji biyu a lokacin.

Bayan an share makoki Baba ya sa kyamarar a jakarta ya jefa cikin akwatin ƙarfe ya kulle. Sallah ta zo ta wuce bai ɗauko ta ba, wata ta sake zuwa haka. Bai ƙarasa fim ɗin ba, bai kuma cire shi ba. Yayarsa, Gwaggo Ladidi, ta taso daga Zungeru ta dawo gidanmu don ta riƙe mu. Mace ce doguwa mai faɗa da tsafta, wadda in ta ba ka tsintsiya sai ta biyo bayanka da wata. Ita ta koya mini surfe, da tsince shinkafa, da yadda ake fere doya ba a tafi da rabinta ba. Babban abokin gabanta a duniya shi ne fumfuna. Da ta ga rana ta leƙo a damina sai ta hau fito da kaya, tana cewa, "Duk abin da ke da murfi a buɗe shi ya sha iska." Akwatin Baba ne kawai ya tsira daga hannunta, saboda makullin yana aljihunsa. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke cikin kyamarar, domin a gidanmu ba a ambaton Mama sai dai a ce Allah ya jiƙanta a yi shiru.

Ni kuwa akwai abin da nake ɓoyewa wanda ya hana ni sakat. Na fara manta fuskarta. Ina tuna muryarta in tana kiran Sani, ina tuna ƙamshin man kaɗanya a hannunta, har zanenta mai ganye-ganye ina gani. Amma in na rufe ido na nemi fuskar sai ta ƙi tsayawa, wani lokaci ma ta rikiɗe ta zama ta malamarmu ta lissafi. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai, ina ganin kamar laifi ne babba yarinya ta manta uwarta. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne duk Juma'a in Baba ya buɗe akwati zai ɗauki babbar riga, sai in raɓe kamar ina taya shi, in ɗaga murfin jakar in duba lambar. In na ga ashirin da ɗaya sai in ce tana nan, ba ta je ko'ina ba. A makon da aka yi ruwan nan ne Gwaggo ta dame shi cewa akwatin yana wari, da asubar Asabar zai tafi gonar doyar da suke nomawa da maƙwabcinmu Baba Danladi, ya miƙa mata makullin ya fita.

Wunin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Na ɗauke kyamarar daga rana na mayar da ita jaka, Gwaggo ta hango ni ta ce in ajiye kayan manya. Ƙawayena suka zo kiran carafke na ce kaina ke ciwo. Na zauna a zaure ina jin jirgin ƙasa yana huci daga nesa, ina lissafin yadda zan gaya wa Baba. Sai bayan la'asar ya shigo da sabuwar doya a bayan keke, ƙafafunsa duk taɓo. Ban bari ya sha ruwa ba na miƙa masa jakar na nuna masa lambar. Ya duba. Sannan ya je inda Gwaggo ke ninke barguna ya durƙusa, kamar yadda ya saba in zai yi mata magana, ya ce, "Yaya, kin buɗe bayan nan?" Ta ce ƙwarai, ai ta ja wani ɗan kai ne ya buɗe da kansa, ta leƙa ta ga ba fumfuna sai wani baƙin ƙyalle, ta hura ta mayar ta rufe. Ya tambaya a ɗaki ne ko a waje. Ta ce a bakin ƙofa, me ya faru? Baba ya ce ba komai. Yayarsa ce, ita ta goye shi, ba shi da bakin yi mata faɗa. Ya shiga ɗaki, ina jin sa yana nannaɗe fim ɗin a hankali, ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari ya ɗauke ni a keke muka nufi hanyar Bosso, wurin wani mai shagon hoto da kowa ke kira Oga Sunday, wanda ɗalibai ke cika wa shago. Ya saurari Baba yana girgiza kai. Hausarsa irin ta kasuwar Minna ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Malam, wanda yana waje ya mutu. Wanda ya shiga ciki-ciki, wataƙila Allah ya taimaka." Ya yi mana bayani cewa duk hoton da aka ɗauka nannaɗe shi ake yi a kan wani ɗan sanda a ciki, sabo yana rufe tsoho, don haka na ƙarshe su ne a bakin haske. Ga kuma zafin shekara biyu a cikin akwatin ƙarfe, wanda shi ma ba ya barin fim lafiya. Ni dai abu ɗaya na ji: na ƙarshe ne ya fi shiga haɗari, na ƙarshe kuwa shi ne na Mama. Ya ce ba ya wanke mai kala a nan, sai ya tara ya aika Kaduna, mu dawo wani makon.

Makon nan jikina ne kawai ke zuwa makaranta. A wajen taron safe ana rera waƙa ni ina addu'a a zuci. Aka ba mu yankan ciyawa a bayan aji na yanke yatsa da lauje ban ji ba sai da wata ta nuna mini jini. Malamar lissafi ta kira sunana har sau nawa, da na ɗago na kalle ta sai hawaye, ita kuma ta zaci bulala nake tsoro. A hanyar dawowa, matan Gwari suna wucewa da itace da doya a kafaɗa, ina bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya ko zan ga wadda za ta tuna mini da tata. Duk motar da na ga ta fito daga wajen tasha sai in ce ko ita ce ta taho da hotunanmu. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, har da cewa ba zan ƙara cin naman miyar Sani ba.

Gwaggo ma ta canza. Faɗa ya ragu, tsintsiya ta huta. Ta lura Baba ba ya cin abinci, ta lura da ni, ita kuma ba yarinya ba ce. Wata yamma muna tsince shinkafa a faranti ɗaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Jummai, ita ce a ciki?" Na ce e. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata, ita da ta ɗauka alheri take yi. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba, sai na ji ina gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa na manta fuskar Mama. Na zaci za ta yi salati ta yi mini faɗa. Sai ta ture farantin gefe ta jawo ni, ta fara zana mini ita da yatsa a kan tawa fuskar. Ta ce goshinta ya fi nawa faɗi, girarta a haɗe, tana da 'yar wushirya, in za ta yi dariya sai ta fara runtse ido ɗaya. Ta ce ranar da aka kawo ta amarya ta ƙona miya ta ɓoye tukunyar a bayan randa. Tun rasuwar Mama ranar ce ta farko da aka yi hirarta a gidanmu har aka yi dariya. Amma da na kwanta na haɗa goshin da girar da wushiryar, ba su zama mutum ba.

Ranar karɓa Gwaggo ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, ita da ko kasuwa sai ta kama dole. Oga Sunday ya fito da ambulan, ya fara zaro nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, ya ɗaga a hasken ƙofa. Wajen ƙarshensa baƙi ƙirin ne, babu ko alamar mutum. Ya ce waɗannan ba a ma buga su ba. Hoton gindin gwaiba ya tafi. Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. Shi kuwa ya ci gaba da zube sauran a kan tebur, kalarsu ta koɗe, gefen wasu ya yi ja kamar an kara su a wuta. Ga na bikin sunan ɗan maƙwabta, ga Baba Danladi riƙe da wata ƙatuwar doya. Da ya zo kan na Ƙaramar Sallah sai ya ware guda uku yana ba da haƙuri, ya ce waɗannan ba laifin wanki ba ne. "Malam, a nan ka kuskure saiti. Duba, yara duka bai fita ba."

Gaskiya ne, ba mu fita ba. Ni da Sani muna gaba cikin kayan Sallah, mun yi dishi-dishi, ba ka ma bambance hancinmu da bakinmu. Amma a bayanmu, can bakin kicin, ga wata mace ta fito tas, har zaren mayafinta ana gani. A ɗaya tana sunkuye tana zuba miya. A na biyu ta ɗago tana yi wa wani magana. A na uku ta juyo sosai tana kallonmu muna ƙame kamar sojoji, tana dariya, ido ɗaya a runtse. Ba wanda ya ce mini ita ce. Ina gani na gane ta, har na rasa yadda aka yi na taɓa mantawa. Gwaggo ta karɓi hoton ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta dubi ƙanenta. Mutumin da ke ɗaukar rabin sa'a yana saita ƙofa ɗaya ba zai kuskure sau uku a jere ba, ta san haka, ni ma na sani. Ta ce, "Au, Audu, ashe matarka kake ɗauka ka tsayar da yara a rana." Baba ya sunkuyar da kai yana ta gyara hula, ya ce hannu ne ya goce. Ya karɓi hoton na uku ya sa a aljihun gaba, bai bari an mayar da shi ambulan ba.

Yau Baba da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Kpakungu ta cika ta tumbatsa, inda shagon Oga Sunday yake ana sayar da kayan waya. Kyamarar tana wurina, allurarta ta daina motsi, fim kuwa sai an yi cigiya. Hotunan nan uku mun raba su ni da Sani, ni na ɗauki biyu don ni ce babba. Wayar da ke hannuna tana ɗauke da hotunan 'ya'yana da ban san adadinsu ba, ita ke nemo fuskoki da kanta ta gyara kowa ya fito fes, na gaba da na baya. Ban taɓa kwana da fargabar ɗaya daga cikinsu ba, kuma ina godiya da haka. Sai dai wani lokaci nakan zauna ina wuce su da yatsa, in rasa gane wanda mai ɗaukar yake kallo a cikin taron. A hotunan Baba ba a tambaya. Shekara da shekaru ina duba su don in ga mahaifiyata, sai da na girma na gane har da shi nake gani.